Makin sani daban, makin himma daban: gyaran da katin sakamakon sakandare ke bukata

Duk wanda ya taɓa riƙe katin sakamakon ɗan sakandare a Nijeriya ya san fasalinsa. A hagu an jera darussa, Turanci da Lissafi a sama. Kowane darasi da gidajensa: gwaji na farko, gwaji na biyu, jinga, jarrabawa, jimla, sai harafin da jimlar ta haifar. A gefe ko a ƙasa akwai wani ɗan akwati da aka rubuta zuwa a kan lokaci, tsafta, ladabi, gaskiya da mai da hankali a aji, ana sa wa kowanne alama daga 1 zuwa 5. Can sama kuma akwai gurbin da idon uba ke fara sauka a kai, wato na nawa yaro ya zo cikin ɗalibai nawa.

Inda nake ganin matsala shi ne gidan jimla. Lambar da ke ciki, a ce 57, aikinta ta gaya wa uba abin da ɗansa ya iya a Lissafi. Amma a makarantu da yawa an cusa mata abubuwan da ba Lissafi ba ne: zuwa aji, cika littafin rubutu, rashin surutu, wani lokaci har da kawo tsintsiya. Shi kuwa akwatin da aka tanada domin hali da himma, sai ranar da za a rufe makaranta ake cika shi a gurguje. Ma'auni biyu ke nan aka lalata a lokaci guda. Abin da nake kira a yi shi ne a raba su. Lamba ɗaya ta faɗi abin da yaro ya sani kuma ya iya, wata alamar daban ta faɗi yadda yake riƙe da karatunsa, kada ɗaya ta ara wa ɗaya ko da rabin maki.

Masu tsarin tun asali haka suka nufa. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977, aka sake dubawa a 1981, ita ce ta kawo tantancewar yau da kullum, wadda malamai ke kira CA, tare da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) da aka fara aiki da shi a 1982. Dalilin mai kyau ne. A da jarrabawa ɗaya ce ke yanke wa yaro hukunci, idan zazzaɓi ya kama shi a makon, shi ke nan an gama da shi. Sai aka ce a riƙa auna shi a kai a kai, kuma a dubi ɓangarori uku: abin da ke kansa, halinsa, da abin da hannunsa ya iya. Daga nan akwatin gefe ya samo asali. Makarantu ne suka gauraya su daga baya, saboda iyaye da ɗalibai jimla kaɗai suke dubawa, malamai kuma suka lura cewa da maki ake juya ɗalibi.

Mu yi lissafin a fili. Rabon ya bambanta daga jiha zuwa jiha, daga makaranta zuwa makaranta: wasu 30 ne na CA, 70 na jarrabawa, wasu kuma 40 da 60. Mu ɗauki makarantar da ke raba 40 ɗinta gida huɗu, gwaji biyu kowanne 10, jinga 10, sai halarta da littafin rubutu 10. Haruffan kuwa yawancin makarantu daga WAEC suka aro su: A1 daga 75 zuwa sama, B2 daga 70 zuwa 74, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50, D7 daga 45, E8 daga 40, duk abin da ya gaza 40 kuma F9 ne.

A ce ga wata yarinya mai ladabi, ba ta fashi, littafinta tsaf, kowane shafi da kwanan wata da jan layi. Ta ci 4 a gwajin farko, 3 a na biyu, 24 cikin 60 a jarrabawa. Jingarta kuwa 9 ce, don yayanta yana taya ta a gida, halarta da littafi kuma 10 cif. Jimla 50, kati ya nuna C6, an ce tana da kiredit. Amma idan aka ware abin da ta yi da kanta a gaban malami, 31 ne cikin 80, bai kai kashi 39 cikin 100 ba, wato F9. Ga kuma wani yaro a ajin, mai yawan makara, littafinsa rabi babu komai. Ya ci 8 a gwajin farko, bai zo ranar na biyu ba aka sa masa sifiri, jinga 4, halarta 3, jarrabawa 42 cikin 60. Jimla 57, C5. Abin da ya rubuta a gaban malami kuwa 50 ne cikin 70, ya haura kashi 71, wato B2. A kan kati maki bakwai ne ya raba su, dukansu suna gidan C. A wajen sanin darasin tazarar ta haura maki talatin.

Dukansu biyu an cuce su, amma yarinyar ta fi cutuwa. Shekara uku ana gaya mata da iyayenta cewa tana da kiredit, don haka babu wanda ya zauna da ita ya gano inda karatun ya kakare mata. Ranar da ta shiga zauren WAEC ko NECO, mai duba takardarta bai san ladabinta ba, bai taɓa ganin littafinta ba. Shiga jami'a na bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Sakamako ya fito da F9, uba ya ce an danne wa 'yarsa haƙƙi, alhali tun aji huɗu gaskiyar tana nan, makin halarta ne ya lulluɓe ta. Shi kuma yaron, katinsa ya ce matsakaici ne, ba wanda ya ga cewa mai kai ne da ke zamewa daga makaranta, balle a tambayi dalilin makararsa.

Abin bai tsaya a cikin makaranta ba. A jarrabawar kammala sakandare ta ɗaliban makaranta, kashi 30 cikin 100 daga CA yake fitowa, makarantu ne ke aika wa hukumar jarrabawa makin. Idan lambar da aka aika rabinta makin zuwa aji ne, ko an ƙirƙire ta a ofis domin yaron da ya shigo aji shida don zana jarrabawa kawai, to gurɓatar ta bi yaro har takardar shaidarsa.

Na san abin da malamai da yawa za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce idan aka cire makin halarta, aji zai watse, musamman bayan tara da ranar kasuwa. Za su ce yaro mai rauni da ke iya bakin ƙoƙarinsa, idan kullum F9 yake gani, zai yanke ƙauna ya daina zuwa. Duka biyun gaskiya ne. Amma a dubi abin da makin halarta ke saya. Yana kawo jikin yaro aji, ba ya sa ya fahimci abin da ake yi, kuma ɗalibai ba sa jimawa suke gane cewa zama shiru da kwafar allo sun isa a tsira. Shi kuma mai rauni, tausayin da aka nuna masa da ƙarin maki bashi ne, ranar jarrabawar ƙasa zai biya shi gaba ɗaya. Abin da yake bukata shi ne a ga ƙoƙarinsa, a rubuta shi a wurin da ubansa zai karanta, a yaba masa a gaban jama'a, sannan a gaya masa gaskiyar inda yake a darasin tun da sauran lokacin gyara.

Akwai kuma ƙofar ɓarna da gidan "halarta da sauransu" ke buɗewa. Maki 10 da babu takardar da za a nuna a kansa, malami shi kaɗai ke da iko da shi. Daga nan ake samun makin tsintsiya, makin alli, makin sayen takardun darasi da malami ya buga, da cire maki biyar don an yi surutu. Ɗan mai hali ya saya ya wuce, ɗan talaka ya fara zango da gibi. Mafi muni, makin da ba a iya bincika shi ne wanda mugun malami ke riƙe ɗaliba da shi. Ƙa'idar da ya kamata kowace makaranta ta rubuta ta manna ita ce: duk makin da ya shiga jimla, dole a iya ɗauko takardar da ɗalibi ya rubuta ko aikin da ya yi a nuna. Laifin hali a hukunta shi ta hanyar ladabtarwa, kada a taɓa maki.

Batun sifiri yana bukatar a tsaya a kansa. Sifiri na nufin yaro bai san komai ba a abin da aka tambaya. Wanda bai zo ba kuwa ba a auna shi ba, ba a san abin da ya sani ba. Ɗalibin da ya ci 70, 70, 70 a gwaji uku, ya rasa na huɗu aka sa masa sifiri, matsakaicinsa ya faɗo 52 da rabi, daga B2 zuwa C6, ba tare da iliminsa ya ragu ba. A rubuta "bai yi ba" a gurbin, a ba shi mako biyu ya zo ya rama da wasu tambayoyin daban, a sa fashin a ɓangaren himma. Idan mako biyun ya wuce bai zo ba, a kira mahaifinsa kafin a rufe gurbin.

Haka ma wanda ya rubuta ya faɗi. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai karatun ya zauna. Ya biya yau ya kasa, gobe zai sake biyawa, kuma ranar da ya iya, babu malamin da ke haɗa kasawar jiya da iyawar yau ya raba biyu. A boko ne muke yin haka. Yaron da ya ci 3 a mako na huɗu, ya dage har ya gane darasin a mako na goma, ukun nan tana nan tana jan jimlarsa ƙasa. Gyaran mai sauƙi ne. A ware rana ɗaya a mako na goma domin sake gwaji, ga waɗanda suka gaza 5 cikin 10 kaɗai, da sharaɗin sun gyara kurakuran takardar farko sun nuna wa malami. Sabon makin ya maye gurbin tsohon. A nan ne himma ke komawa maki ta halastacciyar hanya, domin yaron ya yi aiki har ya iya, kuma iyawar ce aka ba maki.

To yaya za a auna himmar kanta? Akwatin da muke da shi yanzu ba zai yi ba, saboda dalili biyu. Na farko, malamin aji ne ke cika shi, mutum ɗaya a madadin malamai tara ko goma, alhali yaro na iya zama jarumi a Kimiyya, malalaci a Adabi. Na biyu, abubuwan da ke ciki ba sa ƙirguwa. Wa zai iya rantsewa cewa gaskiyar wannan yaro 4 ce, ta wancan 3? Shi ya sa za ka ga an bi layi an sa wa kowa 4, ko an dubi jimla, wanda ya ci da yawa a ba shi 5 a komai har da tsafta.

Himma ta koma gefen kowane darasi, malamin darasin ne zai cika, kuma a gina ta a kan abubuwan da ake gani a ƙirga. Huɗu sun isa. Sau nawa ya halarci darasin cikin adadin da aka yi, wannan yana cikin rajista. Jinga nawa ya kawo a kan lokaci cikin waɗanda aka bayar, ba tare da duba ko ya ci ba. Idan an mai da masa takarda, yana gyara kurakuransa ko ninkewa yake ya jefa a jaka. Sai kuma ko yana fara aikin aji idan an bayar, ya kai shi ƙarshe ko ya nemi taimako in ya maƙale. Matakan su zama huɗu maimakon biyar, don idan akwai na tsakiya a nan kowa zai fake: kullum, galibi, wani lokaci, da wuya. A ba kowanne iyaka a rubuce, misali "kullum" sau tara cikin goma, "galibi" sau bakwai ko takwas, "wani lokaci" biyar ko shida, abin da ya gaza haka "da wuya". A cika sau biyu a zango, a mako na shida da na ƙarshe. Na mako na shida shi ya fi amfani, domin a lokacin akwai sauran damar gyara.

Ko da haka akwai ramuka. Malami kan ɗauki shiru a matsayin himma, alhali wani shirun na wanda hankalinsa ya tafi ne. Yakan kuma ɗauki yawan ɗaga hannu a matsayin himma, sai a danne mai kunya da mai in'ina, da yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga murya a gaban manya. Shi ya sa ban sa yawan magana a cikin abubuwa huɗun ba. Makara ma tana bukatar a duba ta da idon basira. Yarinyar da sai ta gama talla ko ɗiban ruwa take fitowa, da yaron da ake tafiya da shi gona lokacin shuka da girbi, da wanda ke takowa daga ƙauye mai nisa, makararsu ba lalaci ba ce. A rubuta adadin yadda yake, kada a ɓoye, amma malamin aji ya sa dalilin a gefe, don maganin a gidan yaron yake, da iyayensa za a yi maganar.

Amfanin rabawar yana fitowa ne idan aka karanta alamun biyu tare. Ɗalibin da himmarsa "kullum" ce amma makinsa 35, wannan ƙararrawa ce ga makaranta. Yana zuwa, yana aiki, bai gane ba, ke nan akwai abin da ya tare shi. Sau da yawa karatun Turanci ne: yaro ya kai aji huɗu bai iya karanta sakin layi ya faɗi abin da ya ƙunsa ba, sai ya faɗi a Bayoloji da Tarihi da Gwamnati duka, a ɗauka bai da kai. Wani allo ne ba ya gani daga baya, wani kunne ne, wani kuma tushen Lissafin firamare ne babu. Minti goma da malami zai ba shi ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ko ya yi rabawa uku a gabansa, zai nuna inda matsalar take. A kiyaye yadda za a gaya masa, kada ya ji kamar ana cewa ya yi iyakarsa kuma ba zai iya ba. Shi kuwa mai 78 da himmar "wani lokaci", kada a rage masa maki don a koya masa hankali. A ba shi aikin da ya fi na sauran wuya, a gaya wa ubansa cewa kaifin kai ne ke ɗauke da shi a yanzu, kuma akwai matakin karatun da kaifin kai kaɗai ba ya isa.

Idan an tsame himma daga jimla, sai a tabbatar abin da ya rage yana auna sani da gaske. Jinga ita ce ta farko da zan taɓa. Aikin da aka yi a gida yana auna gidan ne tare da yaron: akwai wuta ko babu, akwai yaya mai ilimi ko babu, akwai waya mai intanet ko babu. Wanda bai da ko ɗaya yakan kwafa da safe a bakin taga. A ci gaba da ba da jinga, domin da ita ake ƙwarewa, amma kawo ta ya shiga himma. Arba'in ɗin CA kuma a raba ta haka: gwaji uku a cikin aji kowanne 10, a mako na huɗu da na bakwai da na tara, sai aiki ɗaya na hannu ko na rubutu mai tsawo da za a yi a gaban malami, shi ma 10. A darussan kimiyya wannan na ƙarshen ya zama gwaji da kayan aiki, ko da na gida ne aka harhaɗa.

Sannan a daidaita malamai. Idan aji huɗu A da aji huɗu B malamai biyu ne ke koya musu Lissafi, ɗaya mai sakin hannu, ɗaya mai tsauri, 60 ɗin wannan ba ita ce 60 ɗin wancan ba. Su fitar da tambayoyi iri ɗaya, su rubuta amsoshi da rabon maki kafin ranar gwaji, mataki kaza maki kaza, har da ko za a cire maki saboda kuskuren rubutun Turanci a darasin da ba Turanci ba. Bayan dubawa kowanne ya ɗebo takardu goma, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ya ba ɗan'uwansa ya sake dubawa ba tare da ya ga makin farko ba. Idan bambancin ya wuce maki ɗaya cikin goma a takardu da yawa, su zauna da shugaban sashe. Aikin awa ɗaya ne.

Ba zan ɓoye nauyin da ke kan malami ba, don shi ne tushen yawancin makin ƙirƙira. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma a manyan makarantun gwamnati na birane aji yakan ninka haka. Malamin da ke da azuzuwa huɗu, kowanne ɗalibai 80, mutum 320 ke hannunsa. Takarda huɗu ga kowanne a zango, 1,280 ke nan. Ko minti uku ya ba kowace, awa 64 ce, ban da koyarwa da shirya darasi. Wanda aka ba kwana uku ya miƙa maki, ga wannan tuli a gabansa, shi ne ke duban fuskar yaro ya rubuta 7. Don haka gwaji ya zama gajere, tambayoyi goma masu gajerun amsoshi da ɗaya mai bukatar bayani, minti ashirin. Aikin aji na yau da kullum ɗalibai su musanya littattafai su duba wa juna da jan biro, tunda ba ya shiga jimla, babu abin da za a sata. Makin kowane gwaji kuma a miƙa shi ga jami'in jarrabawa cikin mako guda, a rubuta da biro a babbar takardar maki, kada a jira ƙarshen zango. Makarantun da ke amfani da kwamfuta su sani cewa ita tarawa kawai take yi, abin da aka zuba mata shi za ta fitar da shi a tsare.

Akwai abin koyi a tsarin Faransa, wanda maƙwabtanmu na Nijar suka gaji ginshiƙinsa. Maki cikin 20 ake bayarwa, kowane darasi da nauyin da ake ninka makinsa da shi, 10 cikin 20 kuma shi ne matsakaici. Abin da ya fi jan hankalina shi ne majalisar malaman aji: a ƙarshen zango duk masu koyar da ajin su zauna su bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kuma suna iya rubuta wa yaro yabon ƙarfafa gwiwa saboda himmarsa ko da makinsa bai taka kara ya karya ba, ko su gargaɗe shi a kan aiki ko hali, makin yana nan yadda yake. Da ajin mutum 80 ba za a iya bin kowa ba, amma ana iya zama awa biyu a kan waɗanda makinsu da himmarsu suka yi hannun riga.

Saura batun "na nawa ka zo?". Matsayi ba ya faɗin abin da yaro ya iya, ya danganta ne da waɗanda aka haɗa shi da su. Na uku a ajin da kowa ya faɗi yana iya zama mai matsakaicin 48, na ashirin a wani ajin yana da 66. Sau da yawa abin da ya raba na biyar da na tara bai kai maki biyu ba, wato daidai abin da tsintsiya ɗaya ke sayowa. Da so samu ne a cire shi, a bar matsakaicin aji da maki mafi sama da mafi ƙasa a kowane darasi, waɗanda wasu katunan ma sun riga sun tanada. Na san iyaye ba za su saki wannan gurbi da wuri ba, makarantun kuɗi kuma suna tsoron ɓata musu rai. To in dole ne a bar shi, a lissafa shi daga makin sani kaɗai, a kan matsakaici ba jimla ba, tunda wani ɗalibin darasi takwas yake yi, wani tara. Ranar rabon kyaututtuka kuma a kira waɗanda himmarsu ta zama "kullum" a duk darussa, da waɗanda makinsu ya fi tashi daga zangon farko zuwa na uku, a ba su kyauta mai daraja ɗaya da ta na ɗaya.

Wucewa zuwa aji na gaba ma da makin sani za a yanke shi. Himma ta shigo ne wajen shawarar abin da za a yi wa wanda ya gaza, ko darasin hutu, ko sake jarrabawa a makon farko na sabuwar shekara, ko maimaita aji.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke jiran sabuwar doka daga Abuja. Shugaban makaranta da mataimakinsa mai kula da karatu za su iya zama da shugabannin sassa kafin a buɗe zango, su rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya, a karanta wa ɗalibai a makon farko, a bayyana wa iyaye da Hausa a taron iyaye da malamai. Bayanin nan wajibi ne, domin a zangon farko makin yara da yawa zai sauka, wanda ya saba ganin C6 zai ga E8, kuma idan ba a shirya iyaye ba za su ɗauka koyarwa ce ta lalace. A nuna musu misalin lissafin a allo. Inda ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke buga kati, sai ta ƙara gida ɗaya na himma a gefen kowane darasi. Jami'an da take turawa duba makarantu kuma su daina tsayawa a kan ko an cika babbar takardar maki. Su zaɓi sunaye biyar daga cikinta da ka, su ce a ɗauko musu takardun gwajin waɗannan yara, su gwada makin da ke kan takardun da wanda aka shigar.